Daga Kumasi Zuwa Salaga da Mai Ƙafa Uku



Kowane ɗan zango ya taɓa jin sunan Gwanja a bakin kakanninsa. Can ne fataken Kano da Katsina da Sakkwato da Barno suke dosa da jakunansu, ɗauke da kanwa da fatu da tufafin rini, su komo da goro. Babbar kasuwar wannan fatauci ita ce Salaga. Goron kuwa daga dazuzzukan Asante yake fitowa, ya bi ta Mampong da Ejura da Atebubu, ya ƙetare kogi a Yeji. Da yawa daga cikinmu jikokin mutanen wannan hanya ne. Amma in ka shiga aji ka tambayi yaranmu wa ya taɓa ganin Salaga, ko da a hoto, da wuya ka ga hannu a sama.

Wuraren kuma ba sa jiran kowa. Yawancin tsohon garin Kete-Krachi yana ƙarƙashin ruwan tafkin Volta tun bayan da aka kammala madatsar Akosombo a 1965. A damunar 2023 ruwan sama ya yi wa tsohon masallacin ƙasa na Bole mummunar ɓarna. Abin da ba a ɗauki hotonsa ba kafin irin wannan rana, sai dai a ba da labarinsa da baki.

Wannan ya sa iyayen yara da malamai a makarantarmu suka yi karo-karo aka sayi ƙaramar kyamara, don a tara hotunan wuraren tarihinmu a riƙa koyarwa da su. Kuɗin da ya rage bai wuce na abu ɗaya ba, wato abin da ake girka kyamara a kai, wanda masu ɗaukar hoto suke kira tirayifod, mu kuma muke ce masa mai ƙafa uku. Da yake kuɗin jama'a ne, kuma sau ɗaya za a saya, sai mu uku daga cikin malamai muka aro iri uku daban-daban, muka fita da su a hutun Disamba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

AMFANIN MAI ƘAFA UKU

Kyamararmu irin wadda ake kira maras madubi ce. Tsofaffin manyan kyamarori suna da wani madubi a ciki wanda yake ɗagawa duk sanda aka danna, shi ya sa suke da girma da nauyi. Tun 2008 da kamfanin Panasonic ya fito da ta farko maras madubi, jikin kyamara ya ƙanƙance. Sony a6400, alal misali, giram 403 ce, Fujifilm X-T30 kuwa giram 383, kafin a ɗaura musu gilashi. Tamu da gilashinta ba ta kai giram 700 ba.

To, wani zai ce abu mara nauyi haka me zai sa a nema masa ƙafa? Amsar tana cikin yadda hoto yake samuwa. Kyamara tana buɗe idonta ne haske ya shiga, sa'an nan ta rufe. Da rana tsaka ƙiftawar ba ta kai kashi 1 cikin 500 na sakan, hannu bai ma sami damar rawa ba. Da asuba kuwa, ko cikin zaure mai duhu, sai idon ya tsaya a buɗe sakan 1 ko 2 ko fiye. Babu ɗan Adam ɗin da zai riƙe abu ƙyam na tsawon wannan lokaci, don numfashi ma motsi ne. Kyamara mara nauyi ta fi saurin jin rawar hannu da ta iska. Dalilin ƙafa uku kuwa, kowace uwargida ta san shi: tukunya tana zama daram a kan duwatsun murhu uku ko da ƙasar ba ta daidaita ba, alhali tebur mai ƙafa huɗu sai an sa masa takarda a gindi.

Waɗanda muka aro mun raɗa musu sunaye. Ƙatuwa ta wani mai ɗaukar hoton biki ce a unguwarmu, nauyinta ya haura kilo 3, in an naɗe ta tsawonta santimita 70. Siririya irin wadda ake sayarwa a kasuwa ce don wayar hannu, kanta na roba ne, ba ta fi rabin kilo ba. Matsakaiciya kuwa ta alminiyam ce, kilo 1.5, kowace ƙafa gaɓa 4, in an naɗe ta santimita 40, in an miƙe ta har wuya ta kai santimita 150.

DAGA TASHA ZUWA KINTAMPO

Jarrabawar farko a tashar mota aka yi ta. Siririya da Matsakaiciya sun shige jakunkunanmu na goyo ba wanda ya san da su. Ƙatuwa kuwa yaron mota na ganinta ya ce, "Tica, wannan kaya ne, sai an biya masa." Aka biya, aka jefa ta bayan mota tare da buhunan doya. Darasi na farko ke nan: duk wadda ta wuce santimita 45 in an naɗe ta, to ta zama kaya mai zaman kansa, kowace tasha sai an yi ciniki a kanta.

Mun wuce Techiman muka isa Kintampo, garin da ake ɗauka a matsayin tsakiyar ƙasar nan. Shi ma yana cikin tarihinmu, domin bayan da Turawan Ingila suka ci Asante da yaƙi a 1874, hanyar goro ta sauya, Kintampo ta zama babbar kasuwa inda fatake suke tsayawa. Bayan gari kaɗan akwai matsirgar ruwa a kan kogin Pumpum, inda ruwa yake faɗowa hawa uku, na ƙarshen ya kai wajen mita 25. A watan Maris na 2017 guguwa ta kayar da wata babbar bishiya a wurin, ta hallaka mutane, yawancinsu ɗalibai 'yan yawon buɗe ido. Duk malamin da ya sauka wurin ba zai rasa tunawa da su ba. Allah ya ji ƙansu.

Ana sauka ne ta matakala sama da 100. Mafi ƙuruciya a cikinmu shi ya saɓa Ƙatuwa, kuma kafin mu dawo sama ya huta sau uku. A ƙasa, duwatsu ne masu santsi, ga feshin ruwa. Muna son hoton da ruwan zai fito kamar farin zane da aka shanya, wanda yake bukatar idon kyamara ya tsaya a buɗe rabin sakan. A nan Siririya ta nuna halinta. Ƙafafunta uku a ɗaure suke da juna da wasu 'yan sanduna, saboda haka in ɗaya ta buɗe dole sauran su buɗe daidai da ita. A kan simintin aji wannan ba laifi, a kan duwatsu kuwa ba ta sami wurin tsayawa ba. Matsakaiciya kowace ƙafa zaman kanta take yi: muka ɗora ɗaya a kan dutse mai tudu, muka tsawaita biyu zuwa ƙasa, ta zauna. Ƙatuwa ma ta zauna, hotonta da na Matsakaiciya ba mu iya bambance su ba.

LARABANGA DA ISKAR HUNTURU

Daga Kintampo muka ƙetare gadar Buipe, muka karya hagu a mararrabar Fufulso zuwa Damongo, hedkwatar yankin Savannah da aka ƙirƙiro a 2019. Waɗanda suka san wannan hanya kafin a gama shimfiɗa mata kwalta a 2015 sun san irin jan ƙurar da ake sha. Daga Damongo zuwa Larabanga tafiya kaɗan ce.

Mutanen garin suna cewa an gina masallacinsu a 1421. Ƙaramin gini ne na ƙasa, fari fat, da ginshiƙai masu tsini da itatuwa da suka fito daga jikin bango, ga tsohuwar kuka a gefensa. Ƙofofinsa gajeru ne, sai mutum ya sunkuya. A shekarun 1970 an yi masa yaɓen siminti da niyyar kare shi, ashe simintin yana riƙe laima a ciki, itatuwan suka soma ruɓewa. Bayan da aka sa shi cikin jerin gine-ginen duniya da suke cikin haɗari a 2002, aka ɓamɓare simintin aka koma yaɓen gargajiya.

Da yamma mun soma girka Ƙatuwa don duba wuri, sai wani dattijo ya taso daga inuwa ya ce, "Samari, awon fili kuka zo yi?" Muka gaishe shi muka ce, "A'a Baba, malaman makaranta ne, hoto muka zo ɗauka don yara." Ya ce, "To madalla. Mai irin wannan ƙafafu in ya zo gari, yawanci iyaka yake nema." Wannan magana abin lura ce ga duk matafiyi. A ƙauye, babbar mai ƙafa uku ta yi kama da kayan safiyo, kuma maganar fili ba abin wasa ba ce. A soma da gaisuwa da neman izinin masu wuri, a biya abin da aka tsara wa baƙi, sa'an nan a buɗe jaka.

Farin gini da rana tsaka kashe ido yake yi, hazon hunturu kuma ya mai da sama fara kamar bangon. Lokacin da ya dace shi ne bayan an idar da sallar asuba, kafin rana ta fito. Sanyi ya sauko, iska tana bugowa daga arewa maso gabas tana tafe da ƙura. Kyamara ta nemi sakan 2. Muka ƙara girman abin da ke allon kyamara sau 10 don mu ga ko akwai motsi. A kan Siririya, tsinin hasumiya sai rawa yake yi kamar ana kaɗa masa kalangu. Iska na wahalar da mai kayan kara. Duk hotunanta na wannan safiya sun fito dishi-dishi. Ƙatuwa ko gezau.

Matsakaiciya ita ce ta koya mana abubuwa. Malamin kimiyyar da ke cikinmu ya ce a gwada ta hali biyu. Da aka zaro wuyanta har ƙarshe, wato sandar tsakiya da kyamara take zaune a kai, rawar ta bayyana, domin kyamarar ta koma tsaye a kan sanda ɗaya maimakon ƙafa uku. Da aka mai da wuyan ciki, aka kuma bar gaɓar ƙarshe ta kowace ƙafa a naɗe, tunda ita ce mafi sirantaka, rawar ta ɗauke. Kyamarar ta dawo daidai ƙirji, amma allonta yana ɗagowa, ba sai an durƙusa ba. A ƙarƙashin wuyan akwai ƙugiya, muka rataya jaka mai gorar ruwa don ƙarin nauyi. Sai dai a kula, jakar da take lilo cikin iska ɓarna take ƙarawa, saboda haka a sassauta igiyar har gindin jakar ya taɓa ƙasa. Muka kuma saita kyamarar ta jira sakan 2 bayan an danna, don motsin yatsa ya lafa. Hoton ya fito har ana iya ƙirga tsagar da ke jikin itatuwan bango.

GANDUN DAJIN MOLE

Ƙofar gandun dajin Mole 'yan kilomitoci ce daga Larabanga. Shi ne mafi girma a ƙasar nan, ya haura murabba'in kilomita 4,500, kuma tun 1971 yake da matsayin gandun ƙasa. Da sassafe ake fita yawon ƙafa bayan ma'aikacin daji mai bindiga. In ya ɗaga hannu a tsaya, in ya ce a ja baya a ja baya. Giwa ba ta jiran mutum ya kwance gaɓoɓi 12 ya daidaita kai. A irin wannan yawo hannu ne ya yi aiki, wani lokaci kuma muka haɗe ƙafafun Matsakaiciya wuri ɗaya muka dogara ta kamar sanda. Ƙatuwa a masauki ta kwana ta wuni, babu wanda ya yarda ya ɗauke ta.

Masaukin yana bisa tudu, ana hango tafkunan da namun daji suke shan ruwa a ƙasa. A nan muka ɗaura dogon gilashi mai jawo abin nesa, muka gane cewa yadda yake ƙara girman giwa haka yake ƙara girman rawa. Nan ne ingancin kai yake bayyana. Kan Matsakaiciya dunƙule ne kamar ƙwallo a cikin gurbi, a juya shi duk inda ake so a ɗaure da maɓalli ɗaya, kuma in an ɗaure ya tsaya inda aka bar shi. Na Siririya kuwa, ka saita giwa a tsakiya, kana sakin hannu sai gilashi ya sunkuya ka tarar da ciyawa. Wani gargaɗi: gwaggon birin wurin ba ya jin kunyar baƙo, kada a bar kyamara a girke a shiga ɗaki.

Da dare, da yake babu hasken gari, taurari sun fito duk da ɗan hazo. Hotonsu yana bukatar sakan 15 zuwa 20, in ya wuce haka sai su soma jan layi saboda juyawar duniya. Wannan hoto ba ya yiwuwa sam sai da mai ƙafa uku.

Kafin mu bar Mole mun zauna mun share kaya. Makullan gaɓoɓi iri biyu ne, akwai na murɗawa, akwai na ɓallewa. Na murɗawa ba ya maƙale wa tufafi ko ciyawa, kuma ana iya kwance shi da hannu a goge, amma in ƙura ta shiga zarensa za ka ji yana ƙurus-ƙurus. Na ɓallewa ya fi sauri, kuma da ido za ka san ko a rufe yake, sai dai yakan saki da daɗewa, ya bukaci a ɗaure shi da ɗan ƙaramin makulli. Ko wanne ne, busasshen tsumma da tsohon buroshin haƙori sun isa. Kada a shafa wa ƙafafun man inji, domin mai da ƙurar hunturu in sun haɗu taɓo suke zama.

SALAGA

Muka koma Fufulso, muka ƙetare gadar Yapei zuwa Tamale, washegari muka kama hanyar Salaga, kimanin kilomita 120. Wanda ya ji labarin kasuwar da baƙin Turawa suka yi ta rubutu a kanta zai yi mamakin shirun garin a yau. Yaƙin sarautar da aka yi a 1892 shi ya tarwatsa fatake, wasu suka nufi Kete-Krachi, wasu Yeji da Kintampo, wasu Kumasi da Ankara. Zangunanmu da yawa daga wannan watsewa suka cika.

Hausa tana nan a sunayen wurare. Akwai Wankan Bayi, akwai Rafin Angulu. Sunayen da kansu sun faɗi abin da ba mu cika son faɗa ba, cewa kasuwar da aka sayar da goro da kanwa an sayar da mutane a cikinta, kuma fatakenmu suna cikin masu ciniki. A Wankan Bayi ake wanke waɗanda aka kamo kafin a kai su kasuwa, Rafin Angulu kuwa can ake yar da waɗanda suka mutu. Mu malamai ne, wajibinmu ne yara su ga wannan tare da sauran.

Garin ya shahara da rijiyoyi masu yawa da aka haƙa a cikin marmara. Bakin kowace ƙarami ne, daidai da ƙasa, wasu ciyawa ta rufe su. In ka ɗauki hoto a tsaye, baƙin rami kawai za a gani. Ƙafafun Matsakaiciya suna da maɓallin da yake barinsu su baje sosai, muka sauke kyamara ƙasa-ƙasa, sai ga bakin rijiya a gaba, ga sauran sun jeru a bayanta. Ƙatuwa ba ta iya sauka ƙasa da ƙugu. A yi hattara da gefen rijiyar, kuma kada a cire igiyar kyamara daga hannu sai an tabbata farantin da ke riƙe da ita ya kama.

Aikin da ya fi kowanne daraja a wannan tafiya a cikin zaure aka yi shi. Salaga garin malamai ce. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a nan kafin ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934, ya bar rubuce-rubuce da Larabci da Hausar ajami. Tun shekarun 1960 Jami'ar Gana da ke Legon ta tattara kofen irin waɗannan takardu, amma har yanzu akwai na gado a gidaje. Wani dattijon malami da muka kai wa gaisuwa ya fito mana da gafaka, ciki akwai wasiƙu da lissafin bashi na kakansa, gara ta ci gefensu. Ya ce, "Ba za su fita zauren nan ba." Muka ce, "Allah gafarta Malam, ko tabarmar nan ba za su bari ba."

Zauren duhu gare shi, walƙiyar kyamara kuma tana sa takarda ƙyalli ta ɓoye tawada. Wuyan Matsakaiciya ana iya zare shi a juya shi ƙasa, sai kyamara ta rataya tsakanin ƙafafu tana kallon tabarma. Muka matso kusa da ƙofa inda haske yake shigowa, muka gyara ƙafafun don inuwarsu ta kauce wa takarda, muka kashe na'urar hana rawa ta cikin kyamara kamar yadda littattafan kyamarori da yawa suke ba da shawara in an girka ta. Malam da hannunsa yake ajiye kowace takarda ya ɗauke. Kowane shafi sakan 1. Shafi 43 muka ɗauka, kuma da muka nuna masa a allo ya karanta mana har wasulan da suka dushe. Sauran biyun ba wadda take iya wannan aiki.

JIRGIN FITO

Daga Salaga muka gangara Makango muka shiga jirgin fito zuwa Yeji. A zamanin fatake kogi ne ake ƙetarewa, yanzu ruwa ne shimfiɗe, ga kawunan matattun itatuwa suna leƙowa. A kan jirgi mai ƙafa uku ba ta da amfani ko kaɗan. Girgizar inji tana bin ƙarfen daɓe ta hau ƙafafu ta shiga kyamara, jikin mutum kuwa yana shanye ta. Muka naɗe su duka muka ɗauka da hannu. Daga Yeji muka bi Atebubu da Ejura da Mampong zuwa gida, wato hanyar goro ke nan muka biyo ta baibai.

ABIN DA ZA A DUBA KAFIN A SAYA

Da aka koma makaranta mun ba iyayen yara shawarar a sayi irin Matsakaiciya, aka kuma saya. Ga wanda yake da ƙaramar kyamara yana son bin hanyoyi irin namu, ga abin da muka tsinta.

Na farko nauyi. Tsakanin kilo 1.2 da 1.6 ne daidai. Ƙasa da kilo 1 iska za ta yi wasa da ita, sama da kilo 2 kuma za a riƙa barinta a masauki, wadda aka bari a masauki kuwa ba ta ɗauki hoto ba.

Na biyu tsawo. In an naɗe kada ta wuce santimita 45. In an miƙe, a duba tsawonta ba tare da an zaro wuya ba, don shi ne tsawon gaskiya. In ta kai ƙirji ta isa.

Na uku gaɓoɓi. Mai gaɓa 5 ta fi naɗuwa gajere, amma gaɓarta ta ƙarshe siririya ce ƙwarai. Mai gaɓa 4 ta fi dacewa da iskar arewa. Kowace ƙafa ta iya buɗewa ita kaɗai, ta kuma iya bajewa ƙasa.

Na huɗu abin da aka ƙera ta da shi. Ta zaren kabon ta fi sauƙin ɗauka, ta fi shanye girgiza, kuma ba ta ɗaukar zafin rana kamar ƙarfe. Amma bambancin nauyin bai taka kara ya karya ba: ta tafiya da kamfanin Peak Design ya fitar, ta alminiyam kilo 1.56 ce, ta kabon kuwa wajen kilo 1.3, alhali tazarar kuɗinsu babba ce. Alminiyam in ya bugu lotsewa yake yi a ci gaba da aiki, kabon kuwa tsagewa yake yi. Ga mai hawa motar haya, alminiyam ya fi rufin asiri. Manfrotto da Benro da Sirui duk suna ƙera irin wannan girma.

Na biyar kai da faranti. A nemi kai mai ƙwallo na ƙarfe, wanda ake iya cirewa a sauya. Ramin da ke gindin kyamarori girmansa ɗaya ne, na kusa mai kaurin kashi 1 cikin 4 na inci, saboda haka kowane faranti zai ɗauru. Amma a zaɓi farantin da ake kira samfurin Arca-Swiss, domin kamfanoni da yawa suna yin sa, in ya ɓace a hanya ana samun madadinsa.

Na shida, lambar da ake rubutawa a kwali cewa tana ɗaukar kilo kaza, kowane kamfani da irin awonsa. A nemi wadda lambarta ta ninka nauyin kyamara da gilashi sau 3, sa'an nan a gwada da kai. A je shago da kyamara, a girka, a ƙara girman abin da ke allo, a ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya da yatsa. In rawar ta lafa nan take, to madalla. In ta ci gaba, a mayar wa mai shago kayansa komai arahar su, araha ba ta ado. Ta hannu mai kyau ta fi sabuwa maras ƙwari, muddin makullanta suna kamawa kuma ƙafafun ba su lanƙwashe ba.

Muna kira ga 'yan'uwa malamai da matasan zanguna. Ba sai an je Salaga ba. Kowane zango yana da tsohon masallaci da ake shirin rushewa a yi na bulo, da zauren sarki, da dattijon da yake ajiye da takardun kakansa a ƙarƙashin gado. A nemi izini, a ɗauki hoto, a rubuta sunan wuri da kwanan wata a kan kowanne, a ajiye kofe a wuri biyu, a kuma wanke ɗaya a kai wa mai abu. Wanda yake son aron Matsakaiciya don irin wannan aiki, ya aiko ta ofishin wannan jarida.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.